Panteka: Jami'ar Da Ba Ta Ba Da Takardar Shaida

Duk wanda ya san Kaduna a shekarun 1980 ya san gari ne da jiniyar masana'antu ke tayar da shi daga barci. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, da takwarorinta na Kakuri sun ciyar da dubban gidaje, yayin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, har ƙirar 504 ta zama tamkar tambarin ma'aikacin gwamnati. Sai dai KTL ta rufe a 2002, kuma an daina ƙera 504 a 2006. Amma garin bai durƙushe ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin Tsohuwar Panteka.

A can ne ake narkar da ɓaraguzan alminiyam su koma tukunya, a sare tsohuwar ganga ta koma murhu ko akwati, a haɗa injin markaɗe da na sussukar masara daga ƙarafan da wani ya zubar. Hikimar 504 ita ce sauƙinta: bakanike kan kasa kunne ya gane ciwon inji, ya kwance kafireta ya wanke, idan kuma wani ƙarfe ya gagara samuwa, a sassaƙa madadinsa. Da haka motocin da Faransa ta manta da su suka ci gaba da jigilar fasinja tsakanin Kaduna, Zariya da Kano.

Wannan baiwa ba ta tsaya kan mota ba. Da wayar salula ta shigo a 2001, da yawa daga masu gyaran rediyo da kaset ba su zauna jiran gawon shanu ba. Suka ɗauki ilmin dalma da waya suka koma gyaran salula. Haka nan bayan cire tallafin man fetur a 2023, makanikai suka shiga juya janareto da motoci su koma amfani da iskar gas.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Motar yau kwamfuta ce ke sarrafa ta, ba ta faɗa wa kunne ciwonta, sai an jona mata na'ura ta karanto. Masu ƙera ta kuwa sun tsara ta ne a kan a cire a sauya, ba a gyara ba. Tukunyar gas da aka ɗaura bisa kintace kuma ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba, rai take ci. Ke nan gwanintar da ta ishi uba ba za ta ishi ɗansa ba.

Hakkin yana wuyanmu, mu da muka yi boko. Injiniyan kwalejin kimiyya da fasaha ya san lissafi amma hannunsa bai saba da sifana ba. Ogan Panteka ya san ƙarfe amma ba shi da takardar da banki ko ma'aikata za su girmama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamata ya yi gwamnatocin Arewa su mayar da irin waɗannan kasuwanni ajujuwa: a kai musu wutar lantarki tsayayya da na'urorin gwaji, a tantance ƙwarewarsu a ba su shaida, a kuma tura ɗalibai su yi zaman koyo a gabansu.

Garin da ya iya gyara kayansa ba ya zama bawan mai sayar masa. Idan muka bari tsofaffin nan suka tafi da iliminsu, za mu wayi gari muna sayen abin da a da muke ƙerawa. Allah Ya ganar da mu.