Yawun bakwaini da barcinsa

A Kagara, kamar a Wurno da Rabah, in aka haifi bakwaini hankalin kowa kan ɗumi yake. A naɗe shi da zannuwa, a toshe ƙofa, in hunturu ne har a shigo da garwashi, wanda hayaƙinsa ma illa ne ga huhun da bai nuna ba. Mai rabo a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a sa shi a kwalba. Ba kasafai ake tambayar ko yaron ya samu barci ba.

Jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37 sau da yawa ko ƙarfin kuka ba shi da shi, amma jikinsa na tona wahalarsa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da ke sakin sinadarin kotisol idan an ji zafi, sanyi ko firgici. Da can sai an ɗebi jini ake auna shi, alhali tsinin allurar kansa na tayar da sinadarin. Yanzu 'yar auduga ake sa wa a gefen bakinsa ta tsotsi yawu. Barci kuwa ana bin sa da wayoyin da ake manna wa a kai, ko ta zuba wa yaron ido kawai. In ka ga fatar idonsa na rawa, bakinsa na motsi kamar mai murmushi, numfashi na hawa da sauka, ba farkawa zai yi ba. A irin wannan barcin ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma a nan ne uwa kan ɗauka ya tashi ta sunkuce shi.

Wani bincike a asibitocin Paris da aka buga a 2008 ya ƙirga kusan abu goma mai zafi da ake yi wa jaririn ɗakin kulawa ta musamman kowace rana. Namu na gida ba allura ke tashinsa ba, 'yan barka ne. Wannan ta karɓa, waccan ta buɗe fuska ta ga wa ya ɗauko. Zumunci ne, amma bakwaini ke biyan kuɗinsa.

Akwai mafita: goyon ƙirji. A 1978 ƙarancin kwalba ya sa Dakta Edgar Rey na Bogota a Kolombiya ya fara ɗaure jarirai a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata. A Isra'ila Ruth Feldman ta bi bakwaini 73 da aka yi wa haka awa ɗaya kullum na kwana 14. Da suka kai shekara goma sun fi takwarorinsu daidaiton barci, kotisol ɗinsu bai cika hauhawa ba. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ke ciki, ya nuna fara goyon ƙirji nan take na rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi awa 8 zuwa 24 a rana.

Ungozoma a Goronyo ba ta buƙatar na'ura kafin ta gane yaro ya gaji: yawan hamma, shaƙuwa, baza yatsu, kawar da fuska. In mai jego ta fita wanka, kaka ko uban ma na iya karɓarsa a ƙirji. Amma wanda ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ke ɗaukewa, a nufi asibiti da shi, yana manne da uwarsa har a isa.