Wa Ya Ba FIFA Ikon Hana Nijeriya Wasa?

Garin Keffi yana kan hanyar Jos zuwa Abuja, kuma har 1996 cikin Jihar Filato yake, kafin a yanke Jihar Nasarawa. Saboda haka rigimar ƙwallon da ta tashi tsakanin garuruwan nan biyu a 2014, mutanen Keffi ba su ɗauke ta labarin nesa ba.

A watan Yuli na shekarar, bayan 'yan wasanmu sun komo daga Birazil, wata babbar kotu a Jos ta dakatad da Alhaji Aminu Maigari da 'yan kwamitinsa daga shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Ministan wasanni ya naɗa wani ma'aikacin gwamnati ya riƙe ofis. Ran 9 ga wata FIFA ta ce ta dakatad da Nijeriya. Aka janye ƙarar, aka mai da Maigari, ran 18 ta ɗage hukuncin. Da an yi taurin kai, da 'yan matanmu ba su je gasar Kanada ba, inda suka kai wasan ƙarshe da Jamus.

To, ina FIFA ta sami wannan iko? FIFA ba gwamnati ba ce, ba kuwa reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Ƙungiya ce da aka kafa a Faris a 1904, rajistarta a ƙasar Siwizalan, ƙarƙashin dokar da ake yi wa ƙananan ƙungiyoyi rajista. Ikonta daga yarjejeniya ya fito. Duk hukumar da ta shiga ta yarda gwamnati ba za ta sa mata hannu ba, kuma ba za a kai rigimar ƙwallo kotun ƙasa ba, sai kotun sulhu ta wasanni da ke Lozan, wadda aka kafa a 1984.

'Yan'uwanmu na Sabon Badun da Agege sun san irin wannan. Ƙungiyar dillalan shanu ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku, amma wanda ta ce kada a yi ciniki da shi, sai ya naɗe tabarmarsa. Bulalar FIFA ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar soja mai lamba 101 ta 1992 ta mai da hukumar ƙwallonmu ta gwamnati, kuɗin gwamnati kuma take ci. Alƙalin da ya duba dokar ƙasa bai yi laifi ba, amma hukuncinsa ba ya ƙetare iyaka. A 2010 Shugaba Jonathan ya ce ya janye Super Eagles shekara 2, cikin 'yan kwanaki ya sauko. A 2018 Chris Giwa, mutumin Jos, ya shiga ofishin hukumar da takardar kotu. FIFA ta ba da wa'adi zuwa 20 ga Agusta, gwamnati ta rubuta cewa Amaju Pinnick ta sani.