Dalilan Lalacewar Injin Mota Bayan Gyara

Manomin Tudun Wada a Jos da ke dakon dankalin Turawa daga Bokkos ya san asarar da ake yi idan inji ya buga a hanya makonni kaɗan bayan an haɗa shi. Kafin ka sake sayen kayan gyara, fara gano dalili:

1. Shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai: ringi bai zauna ba, ko ƙurar hunturu ta shiga ta yagaggiyar matatar iska.

2. Farin hayaƙi mai kauri, mai kuma ya koma kamar madara: gasket ya ƙone, sau da yawa saboda toshewar lagireto. Tururin sanyin safiya da ke ɓacewa ba matsala ba ne.

3. Ƙarar bugu daga ƙasan inji: tsiyaye man ka duba. Ɓurɓushin ƙarfe na iya nuna ba a wanke hanyoyin mai ba, ko famfon mai ya gaji.

A kilomita 1,000 na farko, guji lodi mai nauyi, sannan ka canja mai da matatarsa. Idan ba a magance dalili ba, sabon gyara ma ba zai daɗe ba.