Tarihin ƙuri'a bai tsaya a Mambayya ba

Duk mai son ganin inda aka yi gwagwarmayar ƙuri'a a ƙasar nan, hankalinsa kan tafi Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, ko Zariya, garin Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda 'yancin mata. Ziyarar ta dace, amma ta yi gajarta. Ya kamata ta gangara har Inugu da Anacha da Fatakwal, zuwa unguwannin da fatakenmu suka yada zango, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa.

Dalili kuwa shi ne a 1951, lokacin da zaɓen Arewa ke tafiya mataki-mataki, NEPU ta yi nasara a zagayen farko a Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe 'yan En'e sun tace ta sarai. Talaka ya zaɓa, wasu suka yanke. Ba a jima ba sai ga Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya shiga NCNC ta Azikiwe a Inugu, ya jagoranci matasanta, har ya zama magajin gari na farko lokacin da birnin ya samu wannan matsayi a 1956. Yawan 'yan zango bai isa ya ɗora shi a kujerar ba. Mutanen gari ne suka yarda da shi. Wato baƙon da ya zo da garke ya samu a ƙasar wasu abin da tsarin gida ya hana talaka. Mata ma haka: na Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa sai 1976.

Wani zai ce me za a gani a can, ban da mayanka da rumfunan albasa? Gaskiya ne zango ba shi da allon tarihi irin na gadar Selma a Amurka, inda aka lakaɗa wa masu macin neman ƙuri'a duka a 1965. To amma ita ma gadar ai mota ce ke bin ta, labari ne ya ɗaukaka ta, kuma namu labarin yana bakin dattawan masallatan zango, waɗanda ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma zai ce kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa sun binne zamanin Altine. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, domin yaƙin ya watsa zangunan, sai bayan 1970 aka sake haɗa su. Sai dai jikokin waɗanda suka koma suna nan da katin zaɓe, ana ƙirga ƙuri'arsu, ana kuma ce musu baƙi idan suka nemi ko da kujerar kansila. Ɗalibin da aka kai zangon Garki na Inugu ya ji wannan daga bakinsu zai gane cewa 'yancin zaɓe kashi biyu ne, ka zaɓa kuma a zaɓe ka, na biyun kuwa ya ja baya tun bayan Altine.