Hikaya Cikin Zane: Almarar Manya da Mawallafanta

Ranar 6 ga watan Mayu na shekarar 2021 ajali ya cim ma wani mai zane na ƙasar Japan, Kentaro Miura, yana da shekara 54 a duniya, kuma da aka shelanta rasuwar bayan mako biyu, sai ga magidanta masu furfura, daga gabashin duniya har yammacinta, suna alhini kamar a cikin gidansu aka yi rashin, alhali galibinsu ko fuskarsa ba su taɓa gani ba. Abin da ya haɗa su da shi hikaya ce guda ɗaya, wadda ya soma zanawa tun 1989, ya shekara 32 yana kanta, ya tafi bai kai ƙarshenta ba. Wanda ya saba ɗaukar littafin zane abin lallashin yaro, ko kuwa ɗan barkwancin nan da ake saƙalawa a gefen jarida, lalle zai yi mamakin wannan al'amari, saboda haka ya kamata a ɗauko masa zancen daga tushe.

Littafin zane dai labari ne da hoto da rubutu suka yi tarayya wajen ɗaukarsa. Ana raba shafi gida-gida tamkar hatimi, kowane gida da hotonsa, maganar mutane kuwa a zuba ta cikin wata 'yar ƙwarya kusa da bakin mai faɗarta. Asirin fannin yana cikin ɗan farin layin da ke tsakanin gida da gida, domin a wannan gida an ɗaga takobi, a na gabansa ga rawani a ƙasa, saran kansa kuwa ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a cikin zuciyarsa. Na Japan, waɗanda ake kira manga, daga dama ake karanta su zuwa hagu, abin da ke ba Turawa wahala a farkon lamari, amma wanda ya tashi da allo da ajami ba zai ji baƙunta ba. Ita kuwa almara, wato labarin aljannu da dodanni da ƙasashen da ba su cikin taswira, ba baƙuwa ba ce ga al'ummar da ta karanta Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ta kuma sha hirar Dare Dubu da Ɗaya. Bambancin kawai shi ne, mai ba da hikaya da baki in ya ce dodo ya fito, ya gama aikinsa, kowa ya sawwara nasa dodon; mai zane kuwa tilas ya zauna ya ƙidaya masa haƙora.

Dalilin da ya sa aka daɗe ana jingina wannan fanni ga yara yana da tarihi, kuma a Amurka aka ƙulla shi. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana da'awar cewa littattafan zane ne ke lalata tarbiyyar samari, majalisar dattawa ta zauna a kan mas'alar, su kuwa masu ɗab'i, don gudun kada hukuma ta sa musu takunkumi, sai suka sa wa kansu da kansu. Suka rubuta ƙa'idoji da suka haramta zana masu shan jini da gawarwaki masu tafiya, suka kuma wajabta cewa ko yaya labari ya kasance, alheri ne zai rinjayi sharri a ƙarshe. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi kowanne nakasa fannin, gama labarin da aka san ƙarshensa tun kafin a buɗe shi ba ya riƙe mai hankali. Faransawa, waɗanda har laƙabin fasaha ta tara suka ba wannan sana'a, suna cikin waɗanda suka ɓalle igiyar da ƙarfi: a 1975 mujallar Métal Hurlant ta fito, a cikinta Jean Giraud, wanda ke sa hannu da sunan Moebius, ya zana Arzach, labarin wani mahayin tsuntsu da ke ratsa wata duniya ta daban, shafi bayan shafi ba kalma ko ɗaya. Bayan shekara biyu aka soma fitar da 'yar'uwarta a Amurka da sunan Heavy Metal.

To, mene ne ke mai da labarin zane na manya? Masu tallar littattafai sukan nuna cewa jini ne da tsiraici, amma wannan, a ganina, jawabin 'yan kasuwa ne. Abin da na lura da shi a cikin waɗanda suka amsa sunansu shi ne, ana biyan farashin kowane abu, kuma abin da ya salwanta ba ya dawowa. A tatsuniyar yara, in dodo ya haɗiye yarinya akan farka cikinsa ta fito lafiya lau. A nan kuwa wanda aka yanke wa hannu, da dungu zai ƙare rayuwarsa, kuma labarin duka yana kan yadda zai yi da dungun.

Babu inda wannan ya bayyana kamar a Berserk, wato hikayar Miura da muka soma da ita, kuma ina neman afuwar wanda bai karanta ba, don zan ɗan tona masa asirinta. Jarumin, Guts, an tsince shi jariri a ƙarƙashin itacen da aka rataye mahaifiyarsa, ya girma a hannun sojojin haya, bai san wata sana'a ba sai takobi. Ya faɗa cikin Rundunar Shaho, ƙarƙashin wani saurayi mai kwarjini da balaga, Griffith, ɗan talakawa wanda ya ƙudurce a ransa sai ya mallaki daula tasa ta kansa. Miura ya ɗauki mujalladai masu yawa yana gina amana tsakanin mutanen nan biyu da ta ukunsu, jaruma Casca, har mai karatu ya saki jiki ya manta da cewa littafin dodanni yake riƙe da shi. Sa'an nan Guts ya bar rundunar don neman nasa tafarki, Griffith ya kasa jure rabuwar, ya aikata wautar da ta kai shi kurkukun sarki, inda aka shekara ana azabtar da shi, aka yanke masa harshe da jijiyoyi, har ya zama ba ya iya tsayuwa balle riƙe makami. A ranar husufin rana, wasu shaiɗanu suka yi masa tayin mulkin da ya rasa, bisa sharaɗin ya sadaukar da mutanen da suka yi kasada da rayukansu suka cece shi. Ya amince. Guts ya fita daga wannan dare ba hannun hagu ba idon dama, Casca ta fita ba hankali, kuma sai da masu karatu suka jira kimanin shekara 20 na zahiri kafin Miura ya mayar mata da shi.

Ma'abota wannan littafi ba su gaji da muhawara a kansa ba. Akwai masu kare Griffith har yau, suna cewa ƙaddara ce ta kora shi inda ba mafita. Akwai masu cewa an ba shi zaɓi ƙarara kuma ya zaɓa, ni ma nan na karkata, domin Miura ya nuna shi yana duban Guts kafin ya furta kalmar amincewa. Sai dai ba zan ɓoye aibin littafin ba. Wuraren da aka zana keta haddin mata an tsawaita su fiye da buƙatar labari, har mutum ya ji alƙalamin ya daina ba da shaida ya koma kallo, kuma masoyan Miura da yawa sun yarda da wannan suka. Wata mas'alar kuma ta taso bayan rasuwarsa. A 2022 aka ci gaba da hikayar a hannun almajiransa na ɗakin zane, ƙarƙashin kulawar amininsa tun na makaranta, Kouji Mori, wanda ya bayyana cewa marigayin ya labarta masa yadda za ta ƙare, kuma ba zai ƙara abin da bai ji daga bakinsa ba. Ga mu nan ke nan da riwaya ta mutum ɗaya, daga ƙwaƙwalwa, wasu sun karɓa da godiya, wasu kuwa sun ce su littafinsu ya tsaya inda hannun mai shi ya tsaya.

A shekarar da Berserk ya soma, a can Amurka kamfanin DC ya fara fitar da The Sandman na Neil Gaiman, mutumin Ingila, wanda ya gudana fitowa 75 har zuwa 1996, masu zane dabam-dabam suna karɓa-karɓa. Nan ba takobi ba ne jigo. Jarumin shi ne Sarkin Mafarki, ɗaya daga cikin 'yan'uwa bakwai da aka sawwara su da siffar mutane, cikinsu har da Ƙaddara da Sha'awa da Yanke Ƙauna da Mutuwa, wadda aka zana ta budurwa mai fara'a da sanyin hali. Wani matsafi ya kama Sarkin Mafarki a 1916 ya tsare shi fiye da shekara 70, da ya kuɓuta kuwa sai ya tarar girman kansa na dā ba zai ƙara ɗaukarsa ba, kuma hakkin waɗanda ya zalunta, har da ɗan cikinsa, yana biye da shi. Ɗaya daga cikin fitowar, wadda ta shafi Shakespeare, ta ci kyautar gajeren labarin almara ta duniya a 1991, abin da littafin zane bai taɓa yi ba kafin nan.

Amma wadda za ta fi taɓa mai karatu na wajenmu ita ce fitowa ta 50, mai suna Ramadan, wadda P. Craig Russell ya zana da ado irin na tsofaffin littattafan Gabas. Halifa Haruna Rashidu ne yake duban Bagadaza a ƙololuwar ɗaukakarta, sai baƙin ciki ya kama shi, don ya ga kufan daulolin da suka gabata a cikin hamada, ya tabbata tasa ma haka za ta zama. Ya kira Sarkin Mafarki ya yi masa tayin birnin ɗungurungum, bisa sharaɗin kada ya taɓa gushewa. Aka ƙulla ciniki, Halifa ya farka a wata Bagadaza ta yau da kullum, ba dardumar da ke tashi sama, ba aljani a kasuwa, ya ga birninsa na dā a cikin kwalba a hannun wani baƙo, bai ma gane shi ba. A shafin ƙarshe sai a nuna ashe wani tsoho ne ke ba wani yaro gurgu wannan labari, a tsakiyar Bagadazan da bama-bamai suka ragargaza, yaron ya kama hanyar gida cikin ɓaraguzai, zuciyarsa cike da hasumiyoyi. An buga wannan a 1993, shekara biyu bayan yaƙin Tekun Fasha. Ban san wani shafi a fannin nan da ya fi shi nauyi ba.

Dole a faɗi abu biyu a nan. Na farko, waɗannan mawallafa ba a kan aƙidarmu suke rubutu ba, suna wasa da mala'iku da shaiɗanu da gumakan al'ummai kamar yadda mai dara ke wasa da 'ya'yanta, saboda haka mai karatu Musulmi ya shiga da saninsa cewa ƙagaggen zance ne, in kuwa ya ji zuciyarsa ba ta natsu ba, ajiyewa ba laifi ba ne. Na biyu, daga 2024 mata da dama sun fito sun zargi Gaiman da cin zarafinsu, shi ya musanta, wasu kamfanoni kuma sun janye daga aiki da shi, har ya zama duk inda masoyan Sandman suka haɗu, sai tsohuwar tambayar nan ta taso, ko ana raba littafi da halin mai shi. Ba ni da hurumin yanke hukunci a kan zargin, amma ba zan yaba aikin in yi shiru da wannan ba.

Mata ma sun karɓi alƙalamin, kuma sun canza masa riƙo. A 2015 Marjorie Liu, Ba'amurkiya mai tsatson ƙasar Sin, da mai zane Sana Takeda ta Japan suka soma Monstress, labarin Maika, budurwa mai dungun hannun hagu kamar Guts, wadda wani tsohon dodo mayunwaci ke zaune a cikin jikinta, a duniyar da yaƙi da bauta suka ɗaiɗaita, kuma mata ne ke riƙe da mulki da zalunci duka biyu. Liu ta bayyana cewa abin da kakanninta suka gani a yaƙin da Japan ta kai wa Sin yana cikin tushen labarin, ga shi kuwa jikanyar wancan ɓangare ce ke zana mata shi. A 2018 Liu ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Eisner ta gwanin marubutan littattafan zane.

Mu ma an taɓo namu, ko da yake daga nesa, domin Roye Okupe, ɗan Nijeriya, ya gina hikayarsa ta Malika, sarauniya mayaƙiya ta wata daula da ya kira Azzaz, a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma da Turanci ya rubuta ta. Wanda ke son ɗanɗana fannin, shawarata ya fara da Ramadan, don gajere ne, ana karance shi a zama ɗaya, kuma ba ya buƙatar sanin abin da ya gabace shi. In ya ji daɗinsa ya wuce zuwa Monstress. Berserk kuwa ya bar shi sai ƙarshe, in ya sayo shi kuma ya sa shi a akwati mai makulli, kada yaran gida su ga hoto a bango su zaci nasu ne.