Suna Linzami: Ra'ayin Bahaushe Game da Baƙin Abubuwa da Labaran Zamani Ta Bakin Sunayen da Yake Raɗa Musu

Masu binciken ra'ayin jama'a a ƙasar Hausa sun saba nemansa a wurare uku, watau wasiƙun da masu karatu suka riƙa aika wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga kafuwarta a Zariya cikin 1939, da wasiƙun masu saurare zuwa gidajen rediyo, da kuma waƙoƙin marubuta da na makaɗa. Dukkansu hanyoyi ne nagari, sai dai kowacce da mai gadi a bakin ƙofarta. Wasiƙa sai wanda ya iya rubutu, kuma tilas ta bi ta hannun edita. Waƙa kuwa sai mai baiwa, sau da yawa ma akwai ubangidan da ake duban fuskarsa kafin a buɗe baki. Akwai wata hanya ta huɗu wadda ba a cika kula da ita ba, ita ce sunan da jama'a ke raɗa wa sabon abu ko sabon al'amari. Ba a san wanda ya fara faɗinsa ba, ba kuma wata hukuma da ta amince da shi, amma in ya zauna a bakin mutane ya zama shaida a kan yadda suka ji sa'ad da abin ya zo musu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda ake karanta irin wannan shaida.

Ya kamata a fara da na'urorin farko, domin a nan ne al'amarin ya fi fitowa sarari. Sa'ad da hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, Bahaushe bai rasa abin da zai kwatanta wannan baƙo da shi ba. Ya riga ya san jirgi, watau na ruwa, wanda ke ɗaukar mutane da kaya masu yawa a tashi guda, sai ya ce wannan na ƙasa ne. Da jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka Kano daga Masar cikin 1925, ba a sha wata wahala ba, aka ce ga na sama kuma. Haka keke ya sami laƙabin dokin ƙarfe. Haka kuma baƙin abin nan mai faɗi da ake ɗora wa garmaho ya zama faifai, saboda kamarsa da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi. Wannan kalma ta faifai ta yi doguwar tafiya: ta bar garmaho ta koma kan ƙaramin faifan da ya gaji kaset, yau kuma ana cewa an ga faifan bidiyo a waya, alhali babu wani abu mai kewaye a wurin ko kaɗan. A cikin irin waɗannan sunaye ba a jin tsoro ko ƙyama. Abin da ake ji shi ne natsuwar mai gida wanda ya dubi baƙo ya ce ai ɗan gidan wane ne.

Amma ba kowane baƙo ne aka yi wa wannan karɓa ba. Hotuna masu motsi sun shigo ta ƙofa biyu, kowace ƙofa kuma da sunanta. Wanda Gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da shi a mota gari gari, ana haska shi kyauta a ƙofar fada don koyar da tsabta da noma, shi ne majigi, sunan da aka aro daga Turanci aka gyara shi ya dace da harshe. Wanda ake biyan kuɗi a shiga, irin gidan Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937, shi ne silima. Akwai kuma wani tsohon suna da aka yi wa abin, watau dodon bango. Wanda ya ce dodon bango ya gama bayyana ra'ayinsa, ba ya bukatar ƙarin bayani: abu ne mai siffar mutum, yana motsi yana magana, amma ba shi da rai, ga shi kuma sai da dare yake fitowa. Da gidan silima na El-Duniya ya ƙone a Kano cikin 1951, mutum fiye da 300 suka halaka, da yawa daga mutanen gari sun ɗauki abin a kan hukunci ne daga Allah. Na'urar dai guda ce, amma majigi ya zauna da mutuncinsa, har a kai yara kallo, silima kuwa ta daɗe ana ganinta matattarar 'yan iska.

Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne yadda labarin da aka ji a rediyo kan rikiɗe ya zama sunan wani abu dabam. A watan Yuli na 1969 duniya ta ɗauka cewa mutanen Amurka sun sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11. A cikin wannan shekara ce wani irin ciwon ido mai saurin yaɗuwa, mai sa ido ya yi jawur ya kumbura, ya ɓulla a Gana, daga can ya bazu cikin Afirka ta Yamma. Jama'a suka haɗa biyun, ciwon ya zama afolo, kuma har yanzu sunansa ke nan a bakin Bahaushe kamar yadda yake a bakin maƙwabtansa. Likita zai ce ƙwayar cuta ce, ba ruwanta da wata, kuma gaskiyarsa. Sai dai mai nazarin harshe ba magani yake nema ba. Abin da sunan ke gaya masa shi ne, mutane da yawa sun ji labarin nan da ɗar-ɗar, suna ganin an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba, don haka ba su yi mamaki ba da wata masifa ta biyo baya. Ko kalmar 'yan sama jannati, wadda kafofin labarai suka yayata har ta zama ita ce karɓaɓɓiya, in an saurare ta da kyau za a ji ɗan murmushi a cikinta.

Al'amuran cikin gida ma sun bar irin wannan sawu, musamman waɗanda suka shafi aljihu. Hukumar da Gwamnatin Janar Gowon ta kafa a ƙarƙashin Jerome Udoji ta miƙa rahotonta cikin 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi tare da biyan bashin watannin baya a farkon 1975. Nan da nan sunan mutumin ya zama sunan kuɗin, a ce wane ya karɓi Udojinsa ya sayi babur. 'Yan kasuwa su ma suka ɗora nasu Udojin a kan kaya, manomin da bai karɓi ko kwabo ba shi ya biya. Takardar naira 20 da ta fito cikin 1977, shekara guda bayan kisan Janar Murtala Muhammed, ba a tsaya kiranta da adadinta ba, aka ce Murtala, kuma a cikin wannan kira akwai ƙauna. A ɗaya gefen kuma, ko da yake naira ta maye gurbin fam tun ranar 1 ga Janairu 1973, kasuwannin dabbobi da na hatsi sun daɗe suna ciniki da fam, watau naira 2, da jaka, watau naira 200, kamar dai sanarwar Gwamnati ba ta iso gare su ba.

Sunan da ya fi kowanne ɗaci daga Jamhuriyar Nijar ya fito. Al'adar raɗa wa yunwa suna tsohuwa ce a ƙasar Hausa, misali Kakalaba ta 1914. Cikin 1984 fari ya yi tsanani a Nijar, a cikin shekarar ce kuma Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe su ba sai 1986. Talakan Maraɗi da na Damagaram, wanda ya saba in abinci ya yanke ya gangaro kudu neman hatsi ko cin rani, ya tarar da hanya a toshe. Sai aka kira yunwar El-Buhari, watau 'yar Buhari a karin harshen can. Ba jaridar da za ta iya buga irin wannan zargi a lokacin, ƙasashen biyu duk soja ke mulkinsu, amma ga shi an ɗaure shi a jikin shekarar.

Daga nan sai maganar sunaye biyu-biyu, wadda ita ta fi shafar malamai da masu fassara. Tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955, zuwa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, irin na BBC da ya fara cikin 1957 da na Muryar Amurka cikin 1979, zuwa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, an yi ta ƙoƙarin ƙirƙiro kalmomi. Wasu sun karɓu sarai, kamar tauraron ɗan'adam da Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasu kuwa sun tsaya a bakin mai karanta labarai. Na'ura mai ƙwaƙwalwa suna ne mai kyau, amma suna ne na mamaki, mamaki kuwa ba ya daɗewa. Ranar da ɗalibi ya fara kai aikinsa shago a buga masa a kan kuɗi kaɗan, ranar abin ya zama kwamfuta. Wayar tafi-da-gidanka, wadda aka riƙa ji bayan shigowar irin wannan waya Nijeriya cikin 2001, ita ma haka ta ƙare: ta koma salula, ta koma wayar hannu, yanzu kuwa in an ce waya ita ake nufi, tsohuwar ce ke bukatar ƙarin bayani. Masu kukan cewa aron kalma lalacewar harshe ne ya kamata su lura da wannan. Sau da yawa doguwar kalmar Hausa tana nuna abin yana nan baƙo, guntuwar kalmar aro kuwa tana nuna ya zama ɗan gari. Dandalin sada zumunta fata ne na mai fassara. Soshiyal midiya, yadda dattijo ke furta ta yana taɓe baki, ita ce ra'ayin gari. Yanar gizo fassara ce kai tsaye, amma ta faɗo daidai, domin kunnen da ya tashi da tatsuniya ba zai ji Gizo bai tuna da ƙarya da wayo ba.

Ba duk hukuncin jama'a ne ke da adalci ba. Cutar da aka fara ba da rahotonta a Nijeriya cikin 1986 ta sami sunan ƙanjamau, daga yadda take ƙanjamar da mutum, ta kuma sami laƙabin kabari kusa. Ma'aikatan lafiya sun yi ta fama don a koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, musamman bayan da aka sami magungunan da mai ɗauke da ita zai sha ya rayu shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya. Tsohon sunan ya riga ya yanke wa mutum ƙauna, yana kuma daga cikin abubuwan da ke sa a guji gwaji. A nan mai fassara ne ke da gaskiya, titi ne ya yi kuskure, amma titin ne ke da rinjaye.

Shekarar 2020 ta nuna wannan baiwa ba ta mutu ba. Ƙyallen rufe baki da hanci na annobar korona ya zama takunkumi, abin da ake ɗaura wa bakin dabba don hana ta ci ko cizo, kalmar da rediyo ya riga ya ara don matsin da ake yi wa ƙasashe. Hana fita kuwa ya zama kulle, kalmar da a da ta keɓanta ga matan aure, har mata suka riƙa yi wa mazansu ba'a cewa su ma su ɗana.

Matsalar da ke gaban masu ƙamus ita ce irin waɗannan sunaye ba su daɗe da asalinsu. Bargery cikin 1934 da Abraham cikin 1949 sun tsince abin da suka tarar a zamaninsu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ƙara nasa, amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba safai yake faɗin shekarar da aka raɗa suna da dalilin raɗa shi ba. A Kano babur mai ƙafa uku ya ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, A Daidaita Sahu, domin wajen 2005 aka kawo shi don mata su daina hawa acaɓa. Kalmar daga sahun salla aka aro ta. Gwamnatin ta sauka cikin 2011, babur ɗin ya zama abin hawan kowa da kowa, da yawa daga samarin da ke tuƙa shi yau kuwa ba su yi wayo ba sa'ad da aka raɗa sunan, a wurinsu adaidaita sunan inji ne kawai.