Katsina United: abin da fushin 'yan kallo ke jawo wa ƙungiya

Duk ranar da Katsina United ta sha kashi, hira a majalisun matasan unguwar Kusugu da ke Daura takan koma lissafi: wasa nawa ya rage, maki nawa ake nema? Wasu su ɗora laifi a kan koci, wasu su ce alƙalin wasa ne ya yi son kai.

Ga tushen damuwar. Gasar Firimiyar Najeriya (NPFL) ƙungiyoyi 20 ne, kowacce na buga wasa 38. Uku na sama suna samun gurbin gasannin CAF, huɗu na ƙasa kuma su faɗa rukuni na biyu, wato NNL. Cin wasa a waje abu ne mai wuya a Najeriya, don haka makin da aka zubar a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina da ƙyar ake mayar da shi.

Baƙin cikin magoya baya daidai ne, amma in ya kai ga jifa, ƙungiyarsu ce ke biya. A watan Afrilun 2022, a filin Sani Abacha da ke Kano, 'yan kallo suka kutsa fili ana wasan Kano Pillars da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki 3, ta kuma ci ta tara. Kaka na ƙarewa, dukansu biyun suka faɗa NNL, sai a 2023 suka dawo.